Ba Kanwar Lasa Ba

Duk mai sauraron labaran siyasa ko na ƙwallo da Hausa ya saba jin ana cewa wane ba kanwar lasa ba ne, wato ba wanda za a zo a lashe a wuce ba ne. Maganar ta yi yawo har ta bar abin da aka gina ta a kansa a baya. Da yawa cikin masu faɗinta a Abuja ba su taɓa ganin curin kanwa a gindin turke ba, wanda tunkiya ta lasa har ya yi sulɓi ya lotsa a tsakiya.

Utako ba garin kiwo ba ne. Unguwa ce ta ofisoshi da otal-otal da tashoshin manyan motocin fasinja, maƙwabciyar Jabi da Wuye, ga babbar kasuwarta inda za ka ji harshe huɗu ko biyar a layi guda. Amma da zarar babbar salla ta ƙarato sai kukan raguna ya cika lungunanta. Suna sauka daga Maigatari da Illela da Mai'adua da Potiskum, wasu ta karar Dei-Dei, wasu kai tsaye a bakin titi. Mai gudun tsadar jajibere yakan sayi nasa da wuri ya ɗaure a bayan gida, ya bar wa maigadi ko yaran gida kiwonsa. To a nan ne ake shiga kasuwa neman kanwa. In mai kayan yajin ɗan arewa ne da ya san sana'arsa, zai ce, "Alhaji, wace iri? Ja, ko fara, ko ungurnu?" Amsar da ya fi samu ita ce, "Kai dai ba ni ta rago."

Wannan "wace iri" ragowar wani babban ilimi ce. A zamanin fatake ba a cewa kanwa a yi shiru, kamar yadda ba a cewa gishiri a yi shiru. Ungurnu, mai tauri a faffaɗan dutse, daga gabashin tafkin Chadi ake haƙo ta, Buduma su tsallako da ita a jiragensu zuwa gaɓar Borno, sunanta kuma na Ngurno ne, tsohon garin kasuwa da ke kusa da Kukawa. Jar kanwa da farar kanwa suna fitowa daga fadamun Muniyo da ƙasar Manga, wajen Gure da Maine-Sorowa a Nijar ta yau. Akwai gari, wanda ake sharowa daga bakin tafki, mai araha, shi ake zuba wa garke. Akwai gwangwarasa ta majema. Akwai manda, wadda ake tace ƙasar gishiri a dafa ruwan har ya daskare. Daga Bilma da Fachi ayarin Buzaye kan sauko da kantu da beza, kantu na bisashe, beza na tukunyar miya, kuma balma da masu magani ke ambata Bilma ce bakin Bahaushe ya lanƙwasa. Gishirin Foga na kwarin Foga ne, can wajen Gaya. Na Awe da Keana kuwa, a jihar Nasarawa ta yanzu, su suka fi kowanne kusa da Abuja. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya tattara waɗannan sunaye da hanyoyin cinikinsu a littafin da ya buga a 1986, kuma abin da mai karatu zai lura da shi shi ne kusan kowane suna yana faɗa maka ɗaya daga abu uku: inda aka haƙo, ko launi, ko wanda aka yi dominsa.

Ni a ganina waɗannan sunaye su ne takardar bayani ta wancan zamani. In ka san garin, ka san abin da ke ciki, domin ƙasar kowane tafki da irin nata haɗin. Gishirin miya sodiyam kuloraid ne. Kanwa mafi yawanta sodiyam kabonet ne da baikabonet. Gwangwarasa ta fi ƙarfi a sodiyam salfet, mai sa zawo. Manda gauraye ce, gishiri da kanwa a jiki ɗaya. Makiyayin da bai taɓa jin ko ɗaya daga waɗannan kalmomi na ɗakin bincike ba ya san ba a ba tunkiya gwangwarasa a madadin kantu.

Sunan ya bi fatake har bakin teku. Bayarabe a Utako zai ce kaun, Ibo ya ce akanwu, kuma duk kanwar ce. Wanda ya ɓata lissafi shi ne sunan da 'yan boko suka ɗora mata, fotash. A wurin Turawa wannan kalma tokar itace ce da aka tace aka dafa a tukunya, mai ɗauke da fotasiyam. Kanwa kuwa fotasiyam ɗinta kaɗan ne, sodiyam ne ya cika ta. Abin da ya yi daidai da fotash a gidan Bahaushe shi ne ruwan toka da ake tacewa a zuba a miya. 'Yar'uwar kanwa ta haƙiƙa ita ce natron ta Wadi Natrun a Masar, wadda mutanen Fir'auna ke busar da gawa da ita, kuma daga sunanta aka samo alamar Na da ɗalibai ke rubutawa a madadin sodiyam. Wannan ba gardamar malamai ba ce kawai. Mai kiwon da ya karanta a waya cewa tumaki na bukatar fotasiyam, ya je ya ƙara wa ragonsa kanwa, ya ƙara masa wani abu daban.

Me kanwar ke yi a cikin rago? Sai an leƙa tumbi. Bahaushe na cewa tumbi ya haɗa duka, amma cikin tunkiya ɗaki huɗu ne, kuma na farko, babban, ba ya narkar da abinci yadda namu ke yi. Ya fi kama da randar da aka jiƙa gero aka bari ya kwana: ƙananan halittu ne bila adadin ke cin ciyawar, suna fitar da tsami iri-iri, tunkiya kuma tana tsotse tsamin nan ta bangon tumbi, daga nan take samun kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfinta. Wato tsami shi ne abincin, muddin bai wuce kima ba. A ma'aunin da masana ke kira pH, tumbi mai lafiya yana tsakanin 6 da 7. Abin da ke riƙe shi a wurin shi ne yawu. Tunkiya na haɗiye lita 6 zuwa 16 na yawunta a yini, yawun kuma cike yake da baikabonet, ashe ita ma da tata kanwar take tafe. Yawun nan tuƙa ke kawo shi. In ka ga rago ya kwanta yana dawo da abinci baki yana tauna a hankali, magani yake haɗa wa kansa. Tuƙa kuwa ba ta tashi sai da abu mai kaushi, harawa ko ciyawa ko karmami.

Yanzu dubi ragon da aka sauke a Utako. Jiya yana cin busasshiyar ciyawa da ƙowar wake, ya sha doguwar tafiya a mota da yunwa da ƙishirwa, yau an aje masa baho cike da jiƙaƙƙiyar dusa, an ƙara da ragowar shinkafa da tuwo da burodin da ya kwana, duk don ƙauna. Garin hatsi ba ya bukatar tuƙa, kuma ƙwayoyin da ke son sa suna ninkuwa cikin sa'o'i su fitar da wani tsami mai ƙarfi irin na nono. Ma'aunin ya faɗo ƙasa da 5.5, wani lokaci ƙasa da 5, ƙwayoyin da ke narkar da ciyawa su mutu. Rago ya daina tuƙa, ya juya wa bahon baya, yana cizon haƙora, ga zawo mai warin tsami, bayan kwanaki har ɗingishi. Masu iya magana sun ce kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta, kuma a nan karin maganar ta yi daidai da ɗakin bincike ƙwarai. Manyan gonakin turka na ƙasashen waje suna zuba baikabonet kimanin kashi 1 cikin 100 na abincin dabba saboda wannan dalili.

Sai dai a lura da aikatau. Lasa aka ce, ba ɗura ba. Tsakanin kalmomin biyu akwai ran rago. Wanda ke lasa shi ke yanke wa kansa adadi, harshe ya gaji ya bari, ya je ya sha ruwa. Wanda aka danne aka ɗaga masa kai aka ɗura masa ruwan kanwa da kwalba ba shi da ta cewa, ruwan na iya sarƙe shi ya gangara huhu, kuma kabonet ɗin kanwa ya fi baikabonet ɗin yawu zafi nesa ba kusa ba. Akwai hanya ta uku, jiƙa kanwa a ruwan sha, wadda ba laifi in kaɗan ce kuma akwai wani bokitin na ruwa zalla a gefe. In ruwan zartsin nan ne kaɗai a gabansa, to ana ƙara masa ƙishirwa da abin da ya kamata ya kashe ta. Masu saye sun daɗe suna zargin cewa wasu 'yan kara na yin hakan da gangan, rago ya kwankwaɗi ruwa ciki ya ɗauka, a ga kamar ƙiba ce. Shi ya sa gwanin saye ba ya kallon ciki, gadon baya da gindin wutsiya yake dafawa.

Kirarin kanwa na biyu shi ne uwar gami, kuma yau in an ce wane ne kanwa uwar gami ba yabo ake yi ba, ana nufin shi ya haɗa fitinar. A jikin ragon turka wannan ma'anar ma tana da wurin zama. Dusar alkama da ta masara fosfaras ya yi musu yawa, kalsiyam ya yi kaɗan, alhali abin da ake so kalsiyam ya ninka fosfaras sau biyu. A ragon da ya rage tuƙa, rarar fosfaras ta fitsari take fita. Fitsarin tunkiya dama ba mai tsami ba ne, kanwa kuma tana ƙara kore ɗan tsamin da ya rage, a irin wannan ruwa ne tsakuwa ke ƙulluwa a mafitsara. Hanyar fitsarin namiji doguwa ce, siririya, mai lanƙwasa, ta fi ƙunci ga wanda aka dandaƙe yana ƙarami. Sai ka ga rago yana miƙa, yana nishi, yana harbin cikinsa, fitsari na ɗiga ko ya tsaya cak. Maigida ya ce ciwon ciki ne, a ƙara masa kanwa. Wannan aikin likitan dabbobi ne na gaggawa, kuma abin da likita ke bayarwa don riga-kafi, amoniyam kuloraid, kishiyar kanwa ne, tsami yake mayar wa fitsari. Kafin a kai ga haka, harawar gyaɗa ko ta wake, mai yalwar kalsiyam, da gishiri ɗan daidai da zai sa shi yawan shan ruwa, sun fi komai araha.

Kumburi ma suna ɗaya ne a kan cuta fiye da ɗaya. Akwai na kumfa, wanda ɗanyen ganyen wake ko sabuwar ciyawa mai raɓa ke jawowa, shi ne man gyaɗa ke fasawa. Akwai na iska zalla, in wani abu ya tokare maƙoshi. Akwai wanda ke biyo bayan tsamin hatsi. Akwai kuma na gyauron dawa, wanda guba ce tsagwaronta. Dukansu ɓangaren hagu ke ɗagawa, kanwa kuwa ɗaya kaɗai take taɓawa a cikinsu, na tsamin hatsi.

Magajin kantu a shagon magungunan dabbobi shi ne bulon da ake kira gishirin lasa ko dutsen lasa, mai huji a tsakiya don a rataye. Yana da amfani na gaske, domin yana ɗauke da abubuwan da kanwa ba a dogara da ita a kansu, irin su kobal, wanda ƙwayoyin tumbi ke ƙera bitamin B12 da shi, in babu shi tunkiya ta rame tana tsakiyar abinci. Matsalar tana cikin kalmar "dabbobi". In mai shago ya ce, "Ranka ya daɗe, na dabbobi ne," bai yi ƙarya ba, amma saniya da tunkiya ba hanta ɗaya gare su ba. Bulon shanu akan ƙara masa jan ƙarfe da yawa, tunkiya kuwa hantarta tara shi take yi ba ta iya zubarwa da sauri. Abin da ya haura miligiram 15 a kilon busasshen abinci ya fara zama haɗari gare ta. Watanni ana tarawa ba alama, ran da wahala ta same ta, kamar doguwar tafiya a mota, sai hanta ta sake shi cikin jini gaba ɗaya, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi ja ya yi duhu. Abincin kaji da wasu ke ɗiba su ba rago shi ma yakan zo da wannan jan ƙarfen. Wani bulon kuma da yuriya aka haɗa shi, 'yar'uwar takin zamani, mai amfani in ana lasa kaɗan-kaɗan, mai kisa in ruwan sama ya narkar da shi a baho rago ya shanye. Fatake sun raba kantu da beza da baki. Mu sai mun juya bulon mun karanta ƙananan haruffa, mun duba ko hoton tunkiya na jikin kwalin.

Duk waɗannan yanzu suna ɗaya muke ba su a rediyo da jarida, sinadari. Asalinta kalmar maƙera ce, abin da ake narkawa a like ƙarfe da ƙarfe. Ta yi mana aiki, ba na musu, amma ta yi faɗi har ta daina rarrabewa: kobal sinadari, yuriya sinadari, ɗanɗanon miya sinadari, garin da ake ƙullawa a leda ba suna ba lambar NAFDAC a ce na ƙiba ne shi ma sinadari.

Rashin lasar ma da nasa sunan. In tunkiya ta kama cin ƙasa, tana lasar bango, tana tauna tsumma da ƙashi, makiyayi zai ce kanwa take nema, masana su ce ƙarancin sodiyam ko fosfaras ne. A daji ƙasa za ta ci. A birni leda za ta samu, mai ɗanɗanon gishiri da mai, kuma mahauta sun saba ciro dunƙulenta daga tumbi. Abin da mutanen daji ke yi tun da can shi ne kai garken inda gishirin yake. Har yau a ƙarshen damina, wajen watan Satumba, Buzaye da Fulani Woɗaɓe na kora dabbobinsu zuwa filayen Ingal, yamma da Agadas, su yi kiwo a ƙasa mai zartsi su sha ruwanta.

A ɓangaren itatuwa, harshen ya fi riƙe kaifinsa, domin da ɗanɗano yake rarrabewa. Ɗaci daban, bauri daban. Maɗaci sunansa ya faɗi halinsa, kuma sassaƙensa, a jiƙa ko a daka da dusa da 'yar kanwa, tsohon maganin tsutsar ciki ne. Marke ma haka, shuwaka ma haka. Sabara ta zawo ce. J. M. Dalziel, likitan zamanin Turawa, ya buga ƙamus na sunayen tsirrai na Hausa tun 1916, a 1980 kuma malaman likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka wallafa jerin tsirran da makiyaya ke magani da su. A 2004 masu bincike na Jami'ar Ibadan sun gwada ruwan ɓawon maɗaci a kan tumaki suka ga ƙwan tsutsa ya ragu a kashinsu. Raguwa aka gani, ba ƙarewa ba, kuma ƙarfin sassaƙe na canzawa daga bishiya zuwa bishiya, daga rani zuwa damina. "Tafi ɗaya" ko "har ruwan ya yi ja" ba ma'auni ba ne da za a rantse a kansa.

Bauri shi ne abin da ke kama baki in ka tauna ɗanyen goro ko ɗan bagaruwa, wadda wasu ke cewa gabaruwa. Masana na kiransa tanin, kuma aikin da yake yi a kwatarniyar majemi, ya kama fata ya ɗaure ta, shi yake yi wa furotin a tumbi. In kaɗan ne, kamar kashi 2 zuwa 4 cikin 100 na abinci, alheri ne: yana hana kumfa, yana tsare furotin daga ƙwayoyin tumbi har ya isa hanji, yana takura wa tsutsa. In ya haura 5 ko 6 sai ya ɗaure har abin da ake so ya narke, tunkiya ta rage ci, kashi ya bushe. Shi ya sa 'ya'yan gawo, masu sauƙin bauri, abinci ne da ake tarawa buhu-buhu a sayar, bagaruwa kuwa ta fi kusa da magani. Makiyayi ya san wannan iyaka da harshensa. Turai ta waiwayo irin waɗannan tsirrai ne bayan da Tarayyar Turai ta haramta zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a abincin dabba don saurin girma, daga 1 ga Janairu 2006, shi ya sa yanzu za ka ga kwalabe daga waje ɗauke da man tafarnuwa ko na kanumfari a kan farashin da zai ba mai kayan yaji dariya.

Bishiyar da ta fi rikita suna baƙuwa ce. Daga Indiya take, an fara dasa ta a lardin Borno a 1928, kuma da yake kowane gari da nasa lokacin karɓarta, kowa ya raɗa mata nasa: darbejiya, dogon yaro, bedi, maina. A kasuwa irin ta Utako, inda Bakano da Basakkwace da Bagombe ke rumfa ɗaya, mutum na iya sayen "magani biyu" ya koma gida da ganye ɗaya, ya ninka wa rago ɗacin da dama ba ya so.

Tsutsar da duk wannan ɗaci da bauri ke fafatawa da ita ba a tumbi take zaune ba, a ɗaki na huɗu take, kuma ba abinci take ci ba, jini take sha, kowace ɗaya kimanin kashi 5 cikin 100 na mililita a yini. Dubu ɗaya sun kwashe mililita 50 ke nan kullum. Sau da yawa ba ta sa zawo, don haka mai jiran ganin zawo kafin ya ce akwai tsutsa zai makara. Alamarta kumburi mai laushi a ƙarƙashin haɓa, da farin ido. A Afirka ta Kudu aka ƙirƙiro wani ɗan kati mai launi 5, daga ja jawur zuwa fari fat, ana kara shi da cikin fatar idon tunkiya don a san wadda ke bukatar magani a bar sauran. Sunansa FAMACHA, daga sunan likitan da ya kawo dabarar, Faffa Malan. A kara, dillali zai buɗe maka bakin rago ka ƙirga haƙora ka tabbatar ya isa layya. Jan fatar idon ƙasa da babban yatsa bai kai wannan ɗaukar lokaci ba, kuma in ka ga wurin ya koɗe ya yi fari, allura ko ƙwayar tsutsa daga hannun likita ragon ke bukata kafin a yi maganar kanwa ko maɗaci.